Talatu Mai Ƙullu da Jajayen Ƙwayoyinta

Ranar da na fara ganin Talatu, da faɗa muka soma. A tsakar gidan hayarsu ne, bayan kasuwar Tarauni, daminar da sojoji suka tattara suka koma bariki. Na yi sallama na shiga, da ƙullin magani a bakin mayafina, sai na tarar da 'yata zaune a kan turmi ta wangame baki kamar ɗan tsuntsu, wata gajeriyar mata mai ɗaurin kallabi irin na mutanen Kudancin Kaduna ta sunkuya tana leƙa ciki.

"Ɗaga harshe," in ji matar. "Yawwa, ta wuce."

Na ce, "Mece ce ta wuce?"

'Yata ta zabura ta faɗa ɗaki, ko takalmi ba ta tsaya ɗauka ba. Matar kuwa ko gezau. Ta goge hannu a zani, ta rusuna.

"Sannu da zuwa, Mama. Ke ce Inna Indo mai daddawa ta Gyaɗi-Gyaɗi? Ni ce Talatu, matar Iliya. Ga ɗakinmu nan kusa da nasu."

"Ban tambayi ɗakinki ba. Me kika ɗura mata?"

Ta buɗe wani gwangwanin madara, ta zazzago ƙwayoyi biyu a tafin hannu, ɗaya ja mai sheƙi, ɗaya 'yar mitsila ruwan ɗorawa. Wai na ƙarin jini ne da bitamin, a wajen awo aka ba da. Na ɗauki jar na lasa. Wallahi kamar alewa.

Na ce, "Zaƙi! Mai ciki kike ba wa zaƙi?"

Duk macen da ta san ciki ta san abin da nake nufi. Zaƙi taruwa yake a jiki, ranar naƙuda ya tare hanya. Shi ya sa muke hana mai ciki rake da sukari, muke jiƙa mata saiwa mai ɗaci. Abin da ke bakin mayafina ke nan. Ban da haka, kowa a unguwarmu ya ji cewa ƙwayoyin asibiti ƙaton ɗa suke sawa a yi, har sai an tsaga mace an ciro shi.

Talatu ta ce, "Riga ce kawai aka sa mata, Mama. Tauna ki ji."

Na tauna. Kamar na tsotsi tsohuwar ƙusa. Na tofar, na sake tofarwa, matan gidan da suka leƙo daga ɗakuna suka tuntsire da dariya. Wannan dariyar ce ta kunna ni.

Na ce, "To ko riga ce ko zani ne, ina ruwanki da cikin 'yar mutane? Ke kika haife ta?"

"A'a, Mama. Amma ni na riƙe ta ranar da aka fita da gawar ɗanta na biyu."

A nan na sake baki. Na ce mata ƙullunta tsami yake tun daga ƙofar gida, na ce wadda ta rasa abin yi ita ke ƙirga haƙoran maƙwabta, na ce in wani abu ya sami cikin nan, har cocinsu sai na bi ta. Ta tsaya tana saurare kamar mai jin rediyo. Da na gaji sai ta ce, "Ki gaida gida, Mama. Gobe ma zan ba ta."

Dole in faɗa muku abin da ya sa maganarta ta soke ni haka. Yarinyar nan 'yar farina ce. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta hira da shi, ba ta kallon tsabar idonsa. Haka uwata ta yi wa yayana, haka na tashi na gani, kuma ban ga aibinsa ba. Da aka yaye ta, ƙanwar ubanta ta ɗauke ta zuwa Bunkure, can ta girma, sai da aure ya zo aka dawo da ita aka kai ta ɗakin Shehu ɗan acaɓa. Ƙannenta suna ce mata Yaya, ni kuma in ta kama dole sai in ce Yayarsu. A nan ma haka zan ce. Ni da ake tsoron bakina daga Gyaɗi-Gyaɗi har Unguwar Gano, ni da na taɓa sa mai gidan haya kuka, gaban yarinyar nan ba ni da harshe.

Cikinta na fari bakwaini ta haifa, bai yini ba. Na biyu ya cika watanni, amma da aka nuna min shi sai na ga kamar ɗan tsako, fata a kan ƙashi, kukansa ma sai ka kasa kunne. Bai kai suna ba. Ita kanta ta zubar da jini har ta yi fari fat kamar an wanke ta da toka. Na je, na zauna a zaure tare da masu gaisuwa, na aika da kunu, na aika da rubutu. Ban shiga ɗakin ba, don ba a yi. Ashe a lokacin da nake zaune a zaure ina jan carbi, wata ce a ciki ta rungume ta.

Wannan na uku kuwa, a bakin matar mai ruwa na ji shi. Talatu ta riga ni sani da watanni.

Daga baya na san ko wace ce ita, don bakinta ba ya rufuwa ko da ba a tambaye ta ba. A wani ƙauye kusa da Zonkwa aka haife ta, ubanta manomin citta ne. Ta ɗan yi firamare ta bari. Iliya ya aure ta ya kawo ta Kano tun zamanin soja, shi masinja ne a wani ofishin gwamnati, mutum mai sanyi, kullum da keke da 'yar jaka. Ta binne 'ya'ya uku, duk ba wanda ya yi zaune. A ciki na huɗu wata nas a can garinsu ta kama ta ta ce jininta ya ƙare, ta ɗora ta a kan ƙwayoyin nan. Ta haifi Stephen, ya rayu, lokacin da abin nan ya faru har ya zama saurayi yana koyon aikin waya a Kaduna. Daga shi ba ta ƙara ba. Ba ta taɓa samun 'ya mace ba, shi ya sa ta shiga kwasar na mutane.

Sana'arta ƙullun koko. Ta jiƙa gero, ta kai inji, ta tace, da safe ta ɗora tire a ka ta bi gidaje. Matan unguwar yawancinsu ba sa fita, ita kuwa ba gidan da ba ta shiga. Kuma da ƙullun take kama su. Mace takan ɓoye ciki a farkonsa, don kunya da tsoron bakin mutane, amma ba ta iya ɓoye wa Talatu. Duk wadda ta buɗe mata roba ta ga ta kau da kai ta toshe hanci, sai ta yi murmushi ta ce, "Yaushe za mu awo?" In mijin ya ƙi, ba ta yi masa magana, sai ta tura Iliya ya same shi a teburin mai shayi. Haka aka yi wa Shehu. In an karɓo ƙwayoyin kuma ba ta barin su a hannun mai cikin, don ta san inda suke ƙarewa, ko a masai ko a hannun uwar miji. Takan ƙulle na kowace a leda, ta ɗaure da zaren saƙa, kowa da launinta, ta zuba a gwangwani. Kullum in ta kawo ƙullu sai ta ba ki taki, ta tsaya kin haɗiye, ta duba baki. Ran Lahadi ma sai ta zaga, sanye da zanen zumuntar matan cocinsu, kafin ta wuce. Sisi ba a ba ta. Wasu ma zaginta suke, ina cikinsu.

Shekarar nan kowa ya zama ɗan siyasa. Bangon gidanmu ba ka ganin siminti don hotuna, har mai wankin hular layinmu ana ce masa onarabul. Mata suna ta murna wai yanzu farar hula sun hau, magani zai zama kyauta. Talatu ta ce, "Ko a bakin ƙofa aka zuba muku shi, kansila ne zai haɗiye muku?" Aka yi dariya, aka riƙa maimaitawa a gidajen biki. Ni ban ga abin dariya ba. Na faɗi abin da ya fi wannan sau nawa, ba wanda ya ɗauka ya yawata.

Abin da ya fi ci na shi ne sunan da suke kiran juna. Ita ta ce "'yata", Yayarsu ta ce "Mama Talatu". Ƙanwar Yayarsu ta dawo daga gidan ta ba ni labari wai ta same su suna cin gyaɗa a faranti ɗaya, Yayarsu ta ɗora kai a cinyar matar ana yi mata tsifa. Na ce, "Tsifar me? Kanta ƙwarƙwata ne da shi?" Na tashi na hau dakan kalwa, har taɓarya ta tsage.

Sai na yi dabara. Da cikin ya shiga wata bakwai na aika a kira min Shehu. Na ce tunda biyu sun zube a ɗakinsa, wannan a gida za a yi goyonsa, a gabana. Bai musa ba, shi ma tsoro ya cika shi. Aka kawo ta da 'yan kayanta, na ba ta ɗakin da ke kallon nawa. Na ce a raina, to, Tarauni ta yi nisa.

Washegari da hantsi ina shara sai na ji, "Salamu alaikum, masu gida! Ga ƙullu!"

Na ce, "Ba ma sha."

"Ba ke na kawo wa ba, Mama."

Ta wuce ni, ta ɗaga labule, ta shige. A ƙafa ta zo, ta tsallako titi da tire a ka. Haka ta riƙa yi kullum. In ta fito sai ta zauna a bakin rijiyata ta huta, tana ba ni labarin da ban tambaya ba. Ni kuma ina ba ta amsa daidai da ita.

"Mama, daddawarki ta yau ta yi ƙamshi."

"Hancinki ne ya gaji da tsami."

"Mama, ƙafarta ta daina kumbura, kin lura?"

"Rubutun Malam ne."

"To Allah ya ƙara wa Malam lafiya."

Ba ta taɓa ba ni abin da zan kama ba, wannan ma wani salon mugunta ne. In suna ɗaki ina jin dariyarsu. Yarinyar da ke sunne kai in na gifta, ashe tana da dariya har da shessheƙa.

Ana cikin haka mahaifin Iliya ya rasu. Su kuma bikin mutuwarsu ba kamar namu ba ne, sai dangi sun taru daga ko'ina, ga rabon gona, ga girbi ya kawo kai. Talatu ta zo da safe ba tire, sai gwangwani a hannu. Ƙwayoyin sauran matan ta riga ta rarraba su ga maƙwabtansu. Ta tsaya a gabana.

"Mama, zan yi nisa, ban san ranar dawowa ba. Ga na 'yata, mai jan zare. Kullum ja ɗaya, ƙaramar ɗaya."

"Ajiye mata a ɗaki. Ba ta da hannu?"

"Tana da hannu, tana kuma da wayo. Jar tana tayar mata da zuciya. In ba a tsaya a kanta ba, ƙarƙashin harshe take sawa, in an juya ta tofar. Sai kin duba bakin."

Na ce, "Ke Talatu, kin san abin da kike faɗa? Ni zan leƙa bakin 'yar fari? Ko fuskarta ban taɓa tsayawa na kalla ba."

"Na sani, Mama. Mu ma muna da namu irin kunyar." Ta juya ta kalli katanga. "To bari in kai wa Husaina ta gidan nan na kusa. Ita za ta riƙa shigowa da safe."

Husaina. Matar da ko tuwo ba ta iya tuƙawa ba gudaji, matar da duk abin da ta gani a gidan mutum kafin azahar ya kai bakin titi. Ita za ta riƙa ɗaga labulen gidana tana kula min da 'ya, unguwa ta ce Indo tana zaune, baƙuwa ta tafi ta bar wa maƙwabciya amana. Na fizge gwangwanin har murfin ya faɗi.

Talatu ta ce, "Na gode, Mama." Ina ganin gefen bakinta yana motsi. Ta san abin da ta yi.

Ban karɓa don na yarda da ƙwayar ba, kada wani ya yi min wannan fassarar. Na karɓa ne don kada a ce wata ta fi ni.

Da farko na bi hanyar da na sani. In ɗora ƙwayoyin a faifai, in ajiye a bakin ƙofarta da kofin ruwa, in juya in fuskanci randa in ce, "A faɗa wa mai ɗakin nan ga saƙon uwarta ta Tarauni." Hannu ya fito daga labule ya ja faifan. Shi ke nan. Muka yi kwanaki a haka, ina jin daɗi na, har ranar da na je kwashe shara bayan ɗakinta, ƙarƙashin 'yar tagar, na ga kazata tana tsattsagar wani abu. Na kore ta. Ga su nan a ƙasa, jajaye, duk sun koɗe, an tsotse rigar an tofo.

Na daɗe a tsugune a wajen. Ba ƙwayar nake gani ba, ɗan tsakon nan nake gani, wanda aka naɗe a ƙyalle aka wuce da shi ta gabana a zaure. In wannan ma ya tafi, Talatu za ta dawo ta tambaye ni ko na duba bakin. Kuma a gaban mutane za ta tambaya, da muryar nan tata mai sanyi.

Da gari ya waye ban ɗauki faifai ba. Na ɗaga labulen na shiga. Tana zaune a bakin katifa, ta gan ni ta yi wuf za ta ja mayafi ta rufe fuska.

Na ce, "Ke. Ungo."

Ta karɓa, ta kai baki, ta kurɓi ruwa.

"Buɗe."

Ta ɗago ta dube ni kamar an ce mata bango ya yi magana. Ni kuwa na riga na shigo. Ta buɗe a hankali.

"Ɗaga harshe."

Tana nan kwance a ƙasan harshen, ja jawur.

Na ce, "Haɗiye, ko in kira miki Husaina."

Sai ta fashe da dariya, ruwa ya sarƙe ta, ta haɗiye tana tari, na sami kaina ina bubbuga mata baya. A ranar na ga haƙorinta na gaba ɗaya a gutsure yake. Na ce, "Wannan fa?" Ta ce tun tana yarinya a Bunkure ta faɗo daga bishiyar mangwaro. Shekara ashirin da wani abu, ban sani ba. Na ce, "Ita ta sani?" Ba sai na faɗi suna ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ta sani." Na fita na bar mata ɗakin.

Daga ranar kullum sai na shiga. Ba hira muke ba, kada ku ɗauka. Amma ta fara magana kaɗan-kaɗan, kuma kowace magana da sunan matar nan take farawa. Mama Talatu ba ta ba ni a kan yunwa, sai na ɗan taɓa abinci. Mama Talatu ta ce kada in kora da shayi. Da na tsorata don ta ce bayan gidanta ya koma baƙi, na ce maza a daina, sai ta ce Mama Talatu ta ce haka yake yi, nas ma ta faɗa. Na ce, "Mama Talatu ba ta ce ki numfasa ba? Na ga kina yi ba izininta." Ni ma dai ba a zaune nake ba. Na dafa mata zogale, na sa Shehu ya riƙa kawo hanta, rubutun Malam kuma bai yanke ba. Saiwar ɗacin ce kawai na ajiye, don ta ce nas ta hana, ni kuma ba na son a sami abin da za a ɗora min.

Ranar awo ta zo, ba mai raka ta sai ni. Muka zauna a benci cikin mata, zafi kamar gidan burodi. Da aka kira mu, nas ɗin ta ja fatar idonta ta duba, ta ce, "Madalla, jini ya hau." Ta auna cikin da igiyar awo, ta saurara, ta ce komai lafiya. Har na fara gyara zama. Sai ta dube ni ta ce, "Baba, sannu da ƙoƙari. Ina mahaifiyar tata da ke kawo ta, 'yar gajeriyar nan? Lafiya dai ko?"

Na ce, "Ta tafi binne surukinta. Ni 'yar aiki ce aka bari."

Yayarsu ta ce, "Innata ce," da ƙaramar murya. Nas ɗin ta hau ba da haƙuri. Muka dawo gida, ranar ko tuwo ban ci ba.

Naƙuda ta zo da rana tsaka, ana kiran azahar. Shehu ya samo tasi muka tafi. Ina tsaye a baranda ina jiran a fito a ce za a tsaga ta, don har lokacin maganar ƙaton ɗa ba ta bar raina ba. Ba a daɗe ba sai na ji kuka. Na haihu sau takwas, na ga haihuwa ba iyaka, amma ban taɓa jin kukan da ya yi min daɗi kamar wannan ba, kuka mai ƙarfi irin na mai jin haushi. Namiji ne. Ba ƙato ba, ba ƙanƙane ba, ɗa dai kamar na kowa, da cinyoyinsa. Ita ma ta tashi da ƙafarta.

Amma ba wanda ya yi guɗa a gidana. Na biyun ma ai ya yi numfashi. Muka shiga kwanakin nan kowa yana tafiya a hankali. Ina dafa ruwan wanka, ina dama kunun kanwa, ina leƙa ƙirjin yaron in ga yana ɗagawa. Shehu ya ƙi sayen rago, ya ce sai ya ga jajiberi da idonsa. Yayarsu ba ta kuka, ba ta dariya, ta ƙura wa yaron ido kawai. Ni ce a kanta dare da rana, ni ce wanka, ni ce gashi, ni ce komai.

Ana jibi suna sai ga sallama. Ta rame, ta yi baƙi, ko gida ba ta biya ba, da jakarta ta zo daga tasha. Yayarsu na jin muryar ta miƙe ta faɗa jikinta ta saki kukan da ta riƙe tun ranar haihuwa. Kuka har da majina. Ina tsaye da ludayi a hannu, kamar wadda ta zo aron wuta.

Talatu ta ɗauki yaron, ta juya shi, ta shinshina kansa, hawaye yana bin kumatunta. Sannan ta dube ni.

"Mama, kin duba bakin?"

"Je ki tambayi kazata."

Aka yi suna, aka sa masa Mu'azu. Matan Tarauni suka cika gidan, kowacce ta shigo sai ta nemi Talatu ta ce, "Barka, Mama Talatu, aikinki ya yi kyau." Ni kuma a ce min, "Inna, ina za a sami ƙarin kwano?" Ni dai na ce Allah ne ya raya. Na ga waɗanda suka sha ƙwayar suka rasa, na ga waɗanda ko ƙofar asibiti ba su sani ba suka haifi goma. Amma na ga yarinyar nan fari fat a ciki biyu, na kuma gan ta da jini a fuska a na uku, kuma idona ba ya min ƙarya. In mai ciki ta tambaye ni yanzu, nakan ce ta je awo ta sha abin da aka ba ta. Ba na cewa wa ya koya min.

Mu'azu ya yi arba'in, ya yi zaune, ya yi rarrafe. Uwarsa ta koma Tarauni, ɗaki kusa da ɗaki, kun san kuma a bayan wa ya girma. Da ya fara tatata, in na je na miƙa hannu sai ya maƙale a zanen Talatu yana leƙena. Ta ce, "Je ka wajen matarka mana." Na ce, "Bar shi, ni ma ban ce ina son mijin da ke warin ƙullu ba."

Ba su daɗe ba bayan haka. Iliya shi ne babba a gidansu, gonar uban ba mai kula, ya ajiye aiki suka shirya komawa. Bayan sun tafi ban sake ganinta ba. Shekaru bayan nan wani direba ɗan garinsu ya kawo labarin ta rasu, ciwon kwana kaɗan, wai har ta kwanta tana bin matan ƙauyen da gwangwaninta. Yayarsu ta yi kwana uku ba ta dafa abinci ba. Ban sani ba ko ni za a yi min haka.

Ranar tafiyar mun raka su tashar Unguwa Uku. Ni ban yi niyya ba, Shehu ne ya ce ba daɗi. An ɗaure kayansu a saman mota, har da turmi da keken Iliya. Matan da ta bi da ƙwaya sun zo su fi goma, kowacce da goyo, suna ta koke-koke kamar an yi mutuwa. Talatu ta shiga ta zauna a bakin taga, Mu'azu a cinyarta yana wasa da ɗan kunnenta, Yayarsu ta riƙe ƙofar motar ta ƙi saki. Kwandasta yana ta ihu saura mutum ɗaya.

Talatu ta leƙo ta ce, "Mama, ki yafe min. Na shiga gidanki ba ki gayyace ni ba."

Mutane suna jiran su ji. Na matsa jikin tagar.

Na ce, "Riƙe shi har direba ya tayar da mota, ba zan ce komai ba. Amma in ya tayar, ni za ki miƙo wa shi, ba uwarsa ba."